Mike Leach da kashi 59.6: dalilin sassauta ƙa'idar shiga zauren gwarazan ƙwallon Amurka

A ƙarshen watan Mayun 2025, gidauniyar ƙwallon Amurka ta ƙasa, NFF, mai kula da Zauren Gwarazan ƙwallon jami'o'in Amurka da ke birnin Atlanta, ta sanar da wani gyara da in ka ji shi sama-sama za ka ce bai kai a ba da labarinsa ba. A da, ba a saka koci cikin jerin waɗanda za a zaɓa sai ya ci kashi 60 cikin 100 na wasannin da ya jagoranta. Daga zaɓen 2027, kashi 59.5 ya wadatar. Ragin rabin maki ke nan kacal. Sai dai tun ranar da labarin ya fito, suna ɗaya ne ya fi yawo a bakin masu bin wasan: Mike Leach, kocin da ya rasu a Disambar 2022 yana da nasara 158 da shan kashi 107, wato kashi 59.6.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne: mutumin da bai taɓa cin kofin ƙasa ba, me ya yi da har ake ganin an lanƙwasa ƙa'ida saboda shi? Kafin a kai ga amsa, sai an san abin da kocin hari yake yi, da yadda ake auna aikinsa.

Wasan, da mutumin da ke tsara hari

Wannan ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ce, ko da yake Amurkawa da wannan sunan suke kiranta. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, da hannu aka fi sarrafa ta. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, tsawon filin yadi 100 ne, sai wani yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su dama huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta yankin ƙarshe ya samu maki 6. Hanyoyin ciyar da ita gaba biyu ne: ko a rungume ta a ruga da gudu, ko a jefa ta gaba wani ya cafe, kuma sau ɗaya ake jifa gaba a kowace dama. Mai jifar shi ake kira kwatabak, kuma shi ne idon tawaga a fili.

Da yake babu iyaka ga canjin 'yan wasa, kowace tawaga kusan tawaga biyu ce a riga ɗaya: masu kai hari daban, masu tsaro daban, kowanne da malamansa. A ƙarƙashin babban koci akwai mai tsara hari da mai tsara tsaro, a ƙarƙashinsu kuma akwai masu horar da kowane rukuni, kamar masu cafe ƙwallo ko ƙattin nan biyar da ke kare kwatabak. Wasan na tsayawa bayan kowace dama, don haka mai tsara hari ne ke zaɓar dabarar da za a yi a gaba, sau sittin ko saba'in ko fiye a wasa ɗaya. Ya fi kama da mai dara da ke da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya matsa ɗa.

Kalmar jami'a kuma kada ta ruɗi mai karatu ya ɗauka wasan ɗalibai ne na nishaɗi. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 100,000, gidajen talabijin na biyan biliyoyin daloli don nuna wasannin, kuma a jihohi da dama kocin jami'a ne ma'aikacin gwamnati mafi tsoka a albashi. Matakalar aikin sananniya ce: ka fara da ƙaramin mataimaki mai yanka bidiyo da ɗaukar kaya, ka zama mai horar da rukuni, ka zama mai tsara hari, in Allah ya yi ka zama babban koci. Mafi yawan waɗanda ke hawa matakalar nan tsoffin 'yan wasa ne.

Lauyan da ya bar kotu

Leach ba ya cikinsu. An haife shi a 1961 a California, ya tashi a garin Cody na jihar Wyoming, ya yi karatu a Jami'ar Brigham Young, inda wasan rugbi ya buga, bai taɓa saka rigar tawagar ƙwallon makarantar ba. Amma yana zaune a cikin 'yan kallo a zamanin koci LaVell Edwards, lokacin da makarantar ta yi fice wajen jifa yayin da kusan kowa ke dogaro da gudu. A 1986 ya kammala karatun lauya a Jami'ar Pepperdine, ya ajiye takardar, ya kama aikin ƙaramin mataimaki a jami'ar Cal Poly a 1987 kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai wata ƙaramar kwaleji a hamadar California, sai kuma garin Pori na ƙasar Finland, inda ya horar da wata tawaga a 1989.

A shekarar ce ya haɗu da Hal Mumme, tsohon kocin sakandare daga Texas, wanda aka bai wa tawagar kwalejin Iowa Wesleyan, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar da ta gabaci zuwansa. Makarantar ba ta da kuɗi, ba ta da ƙattin da za su ture kowa. Su biyun suka ɗauki tsarin jifa na Brigham Young suka rage masa kaya, suka ƙara masa sauri, a kaka ta uku tawagar ta ci wasa 10. Leach ne aka ce ya raɗa wa tsarin suna Air Raid, wato farmaki ta sama. Suka tafi da shi Valdosta State a jihar Georgia daga 1992 zuwa 1996, sannan Jami'ar Kentucky a 1997 da 1998, inda kwatabak ɗinsu Tim Couch ya zama na farko da aka zaɓa a ɗibar sababbin 'yan wasan gasar ƙwararru ta NFL a 1999.

Bob Stoops, wanda ya sha fama da harin Kentucky lokacin yana tsara tsaron Florida, da ya samu kujerar Oklahoma sai ya ɗauko Leach ya tsara masa hari. Shekara ɗaya ya yi a can. Texas Tech ta ba shi babban koci a 2000, a shekarar kuma Oklahoma ta ci kofin ƙasa da kwatabak ɗin da Leach ya nemo, Josh Heupel, da tsarin da ya bari.

Yadda Air Raid ke aiki

Tushen tsarin ba shi da wuyar ganewa. Tsohuwar hikimar wasan na cewa ka tara ƙarti a tsakiya ka murƙushe abokin karawa da gudu, jifa kuwa sai ta kama dole, domin ƙwallon da ke sama za ta iya faɗuwa ƙasa ko ta faɗa hannun maƙiyi. Wannan hikima na yi wa makarantu masu kuɗi daɗi, tunda su ke kwashe manyan yara daga sakandare. Mumme da Leach suka ce tunda ba za su iya ture ƙato ba, bari su sa shi gudu. Sai su baza masu cafe ƙwallo huɗu daga wannan gefen fili zuwa wancan, kwatabak ya ja baya 'yan taku ya karɓi ƙwallo, ƙattin gaba biyar su ma su bar tazara mai faɗi a tsakaninsu. Masu tsaro 11 ne, fili kuwa faɗinsa ya haura yadi 53. Dole wani wuri ya zama babu kowa, aikin kwatabak shi ne ya gano wurin.

Ɗauki dabarar da suke kira Mesh. Masu cafewa biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, su rugo su gitta juna a tsakiya, kusa da juna har a wurin atisaye akan sa su tafa hannu yayin wucewa. In masu tsaro mutum-da-mutum suke bi, masu bin su za su yi karo ko ɗaya ya kauce, sai a samu wanda ya kuɓuce. In kuwa yanki-yanki suke tsarewa, sai mai cafewa ya ja birki a inda ya ga sarari ya juyo. Dabara ɗaya ce, amma tana da amsa ga kowane irin tsaro, muddin yaran sun maimaita ta har ta zama jiki.

Maimaitawar nan ita ce ainihin sirrin. Yayin da wasu kociyoyi ke riƙe da allo mai ɗauke da dabaru ɗaruruwa, Leach yana tsayawa bakin fili da 'yar takarda da ba ta wuce tafin hannu ba. Dabarun kaɗan ne, ana iya koyar da su gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, sauran lokacin duk maimaici ne. Wannan na da muhimmanci a jami'a, domin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta ƙayyade awa 20 a mako ga harkokin wasa a lokacin kaka, kuma yaran na barin makaranta bayan shekara huɗu ko biyar. Ya kuma bai wa kwatabak izinin canza dabara in ya duba tsaro ya ga ba za ta ci ba, abin da kociyoyi da yawa ba sa yarda su saki. Da aka riƙa sukarsa cewa harinsa ba shi da daidaito tsakanin gudu da jifa, amsar da ya saba bayarwa ita ce daidaito a wurinsa shi ne duk mutum biyar da doka ta yarda su karɓi ƙwallo su taɓa ta.

Alƙaluman sun biyo baya. A 2003 B.J. Symons ya jefa yadi 5,833 a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin. A 2014 Connor Halliday ya jefa yadi 734 a wasa ɗaya. Babu ɗayansu da ya yi wani tashe a NFL, kuma wannan ma ya zama makamin masu suka.

Lubbock: daren Nuwamba da korar Disamba

Ranar 1 ga Nuwamban 2008 Jami'ar Texas, wadda ke matsayi na ɗaya a ƙasar, ta je garin Lubbock, gidan Texas Tech. Saura daƙiƙa 8 a tashi, Texas na gaba da maki 33 da 32, Texas Tech na yadi 28 daga yankin ƙarshe. Koci mai taka-tsantsan zai nemi 'yan yadi kaɗan a buga ƙwallo tsakanin turaku a samu maki 3. Graham Harrell ya jefa ta can gefen dama, Michael Crabtree ya cafe dab da layin fita, ya fizge jikinsa daga hannun mai tsaro, ya taka ya shige, saura daƙiƙa ɗaya. An tashi 39 da 33. Makonni uku bayan haka Oklahoma ta lallasa su da 65 da 21, burin kofi ya bi ruwa. Wasannin nan biyu su ne kowane ɓangare na muhawarar yau ke ɗagawa.

Bayan shekara guda aka raba gari. A Disambar 2009 iyalan wani ɗan wasa da ya samu buguwa a kai, wanda mahaifinsa mai sharhi ne a tashar ESPN, suka yi ƙorafin cewa Leach ya sa an ajiye yaron a tsaye cikin ɗaki mai duhu lokacin atisaye. Makarantar ta dakatar da shi, ranar 30 ga wata ta kore shi, tana cewa ya ƙi bin umarnin shugabanni. Leach ya musanta cutar da yaron, ya ce tsohuwar gaba ce ta cinikin kwantiragi, ya kuma nuna cewa korar ta zo ana gobe za a biya shi ladan dala 800,000. Ya kai ƙara, amma kotunan Texas suka ce jami'ar gwamnati na da rigar kariya daga irin wannan ƙara. Ya bar makarantar da nasara 84 da shan kashi 43, kuma babu kakar da tawagarsa ba ta samu gurbin wasan ƙarshen shekara da ake gayyatar tawagogin da suka yi ƙoƙari ba.

Ya yi kaka biyu ba aiki. A 2012 ya karɓi Washington State, tawagar da ta ci wasa 9 ta sha kashi 40 a shekaru huɗun baya. A 2018 ta ci wasa 11, mafi yawa a tarihinta. A 2020 ya koma Mississippi State, wasansa na farko ya doke jami'ar LSU mai riƙe da kofin ƙasa, kwatabak ɗinsa K.J. Costello ya jefa yadi 623. Ya rasu ranar 12 ga Disamban 2022 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 61, makonni kaɗan bayan ya doke jami'ar Ole Miss a wasansa na ƙarshe.

Lissafin wasa ɗaya

Sharuɗɗan zauren ga koci su ne ya yi aƙalla shekara 10 yana babban koci, ya jagoranci aƙalla wasa 100, sannan adadin nasara. Leach ya jagoranci wasa 265. Kashi 60 na 265 shi ne 159 cif. Wato da ɗaya daga cikin wasanni 107 da ya rasa ya juye ya zama nasara, da babu wannan magana.

Akwai wani abin lura a gefe. Sau biyu tawagarsa ta ci wasan ƙarshen kaka babu shi: a Janairun 2010 bayan korarsa, da Janairun 2023 bayan rasuwarsa. Ba a lissafa masa su ba. Ko da an lissafa, 160 cikin 267 bai kai kashi 60 ba. Kuma shekarunsa na mai tsara hari, waɗanda a cikinsu aka ƙera Air Raid, ba sa shiga lissafin kwata-kwata, domin ƙa'idar babban koci kaɗai take aunawa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan gyaran na cewa adadin nasara ya fi nuna arzikin makaranta fiye da gwanintar koci. Wanda ya samu Alabama ko Ohio State ya gaji manyan yara da kuɗi. Leach kuwa duk makarantunsa uku na ƙananan garuruwa ne, Lubbock da Pullman da Starkville, kuma kowacce ƙanwa ce a jiharta. Suna ƙara da cewa a kakar annobar korona ta 2020 an soke wasannin da manyan makarantu kan yi da ƙanana, ya buga wasa 10 dukkansu da makarantun SEC, rukunin gasa mafi zafi, ya ci 3. Babbar hujjarsu kuwa almajiransa ne. Lincoln Riley, wanda ya fara a matsayin ɗalibi mai taimaka masa, ya horar da kwatabak uku da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa: Baker Mayfield a 2017, Kyler Murray a 2018, Caleb Williams a 2022. Kliff Kingsbury, kwatabak ɗinsa na farko a Texas Tech, shi ya horar da Patrick Mahomes, tauraron kwatabak na NFL, a makarantar, daga baya ya jagoranci Arizona Cardinals a NFL. Sonny Dykes ya kai jami'ar TCU wasan ƙarshe na kofin ƙasa a kakar 2022. Heupel na jagorantar Tennessee. Dabarun da aka yi wa dariya a 1990 yau suna cikin littafin kusan kowace tawaga.

Masu suka ba su musanta wannan ba, amma suna da nasu. Na farko, bai taɓa cin kofin rukuni ba, balle na ƙasa, cikin kaka 21. Na biyu, duk mai tsaron da ya gane lagonsa yakan maimaita masa: Jami'ar Washington, babbar abokiyar gabar Washington State, ta doke shi sau bakwai a jere daga 2013 zuwa 2019, galibi ta hanyar tura mutum uku kawai su kori kwatabak, takwas su ja baya su toshe sararin. Leach bai cika sauya tsari ba, abin da masoyansa ke kira tsayuwa kan aƙida, masu suka kuma taurin kai. Na uku, hari mai sauri da yawan jifa na mayar da masu tsaron gida fili ba hutu, tunda agogo na tsayawa duk lokacin da jifa ta faɗi ƙasa. Wasu kuma na ganin batun 2009 bai kamata a share shi ba, musamman yanzu da aka san illar buguwar kai fiye da da.

Akwai ɓangare na uku da ke ganin duka biyun sun kauce wa tambayar. A wurinsu matsalar ita ce kafa adadi tun farko. Howard Schnellenberger ya ɗauki Jami'ar Miami daga halin ni-'yasu ya ci kofin ƙasa a kakar 1983, shi ma nasararsa 158 ce daidai da ta Leach, amma da yake ya shafe shekaru yana gina tawagogi daga tushe, adadinsa kaɗan ya haura kashi 50. Sabon gyaran bai kai kansa ba. Masu wannan ra'ayi na cewa ko a bar masu zaɓe su auna kowa da aikinsa, ko a bar ƙa'ida yadda take. Matsar da layi da rabin maki ya nuna mutum aka duba, ba manufa ba. Masu kare NFF na amsawa cewa zaure ba tare da shinge ba zai cika da kamun ƙafa.

Waɗanda abin ke shafa

Gyaran kansa ba zai taɓa aljihun kowa ba. Yana buɗe ƙofa ne ga 'yan tsirarun kociyoyi da suka tsaya tsakanin 59.5 da 60, kuma shiga jeri ba shi ne zaɓuwa ba, sai an kaɗa ƙuri'a.

Abin da ke taɓa mutane shi ne yadda aikin kocin hari ke tafiya. Ɗan wasa yakan zaɓi makaranta ne saboda tsarin da ya dace da shi, in kocin ya tafi sai ya zama baƙo a gidansa. Bayan rasuwar Leach, Mississippi State ta ɗaga mai tsara tsaronta Zach Arnett, aka ajiye Air Raid, aka kawo wani tsari. Kwatabak Will Rogers, wanda ya kafa tarihi a SEC a ƙarƙashin Leach, ya kasa sabawa, aka sallami Arnett a Nuwamban 2023 kafin kaka ta ƙare, Rogers ya koma Jami'ar Washington. Kowace irin wannan sallama kan tafi da mataimaka goma ko fiye, da matansu da 'ya'yansu da ke sauya makaranta a tsakiyar zango.

A makarantun sakandare, musamman a Texas, tsarin ya ba yaro marar jiki amma mai sauri ko mai kaifin ido hanyar samun gurbin karatu kyauta, abin da a da sai ƙato. Wes Welker, wanda kusan babu babbar makarantar da ta neme shi saboda ƙanƙantarsa, ya yi tashe a hannun Leach, ya kuma yi shekaru yana cikin fitattun masu cafe ƙwallo a NFL.

Yanayin da ya haifi Air Raid ma ya sauya. Tun Yulin 2021 'yan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansu, kuma a Yunin 2025 wata alƙaliya a California ta amince da sulhun da ya bai wa kowace makaranta damar raba kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga 'yan wasanta. Da sauƙin sauya makaranta da ake da shi yanzu, ƙaramar tawaga da ta gano kwatabak mai kyau na iya rasa shi cikin kaka ɗaya, sau da yawa tare da kocin harin da ya gano shi. Iowa Wesleyan, inda Mumme da Leach suka fara, ta rufe ƙofarta a 2023 saboda rashin kuɗi.